Motar da Ta Ƙi Tashi Ranar Tafiyar Inna Makka

Ni mutum ne mai saurin fushi, ba sai an faɗa mini ba. Yanzu dai tsufa ya ɗan kwantar da ni, amma a shekarun da nake jan akori-kura tsakanin Toranke da Gaya, abu kaɗan ne zai sa in hau sama. Tsohuwa na sayi motar, bayan na yi shekara takwas ina karen mota a bayan wata gingimari mai kai gyaɗa Kano. Shuɗiya ce, ko in ce ta taɓa zama shuɗiya. Ranar kasuwa in loda mata buhuna da awaki da mutane har sai ta durƙusa, ta kai su, ta dawo da su. Ba ta taɓa kwana da ni a daji ba, kuma babu wanda ban cika wa kunne da wannan maganar ba a tashar Gaya.

A shekarar da nake ba da labari ana tsakiyar kaka, an fara cirar gyaɗa, dawa ta sunkuya amma ba a kai ga yanka ba. Mahaifiyarmu, Inna, ta samu kujerar Makka. Shanunta na gado ta sayar, har da wata jar saniya da ba ta yarda kowa ya tatsa sai ita. An yi mata allura, an ɗauki hoto, fasfo ya fito, ta ɗinka masa 'yar jaka ta rataya a wuya. Sai jiran kira. Inna ta haura saba'in a lokacin, gwiwarta ta dama kuma ta daɗe tana ba ta wahala. Kowa a gidan ya sani, ko da ba a furta ba, cewa in bana ta wuce ta, ba lallai ne ƙafar nan ta kai baɗi ba.

Kiran ya zo ta rediyo bayan magariba. Aka ce maniyyatan ƙasar Gaya su hallara a sansanin alhazai a Kano kafin la'asar ɗin gobe, daga nan za a kwashe su zuwa filin jirgi, wanda bai zo ba kuwa jirgi ba zai jira shi ba. Nan take na tashi na juye man da na tanada a tanki har ya cika maƙil. Na duba ruwan lagireto, na duba baƙin mai, na bi tayoyi ina buga musu ƙafa. Na ce wa Inna da an idar da sallar asuba za mu kama hanya.

Ina! Ana idar da salla gidanmu ya koma kasuwa. Matan unguwa suka cika tsakar gida, wannan a roƙa mata haihuwa, waccan a roƙa wa mijinta shiriya, wata ta kawo yaji, wata kuka, wata busasshiyar kuɓewa, sai ka ce an gaya musu ba a cin abinci a Makka. Ina waje ina danna ham, ba mai ji na. Liman ya zo ya ja addu'a mai tsawo, muka shafa. Ba mu bar ƙofar gida ba sai da hantsi ya dubi ludayi.

Mu uku ne a motar. Ni, da Inna a gefena, da Yaya a baya. Yaya shi ne ɗan farin Inna, shekara goma sha biyu ya ba ni. Masassaƙi ne, turmi da taɓarya da akushi da ƙotar fartanya duk nasa ake nema a yankinmu, kuma ko suna za shi gizagonsa yana rataye a kafaɗa. Ba shi da yawan magana. Gaban motar zai ɗauki mutum uku, amma ba zai taɓa zama kafaɗa da kafaɗa da Inna ba, ita ma ba ta taɓa kama sunansa ba tunda ta haife shi, kunyar ɗan fari. Shi ya ɗaure kayan da kansa, akwatin ƙarfe da tabarma da tukunya da ƙunshin garin tuwo, ya lulluɓe su da tamfol har ya sauko gefe da gefe, ya hau ya zauna a kai.

Hanyarmu a lokacin burji ne da yashi, in ba ranar kasuwa ba sai a wuni mota ba ta gifta ba. Ranar kuwa ba ta kasuwa ba ce. Mun yi tafiya mai ɗan dama, motar tana ta kiɗinta, ni kuma ina lissafin cewa kafin azahar muna Kano. Muna cikin wani fili na gonakin gyaɗa, ba gida gaba ba gida baya, sai ta yi wata 'yar shaƙuwa. Na taka totur, ta amsa. Ta sake yi. Na sake takawa, sai ta ja da ƙyar, ta yi tari biyu, ta mutu. Ta gangara da mu cikin yashi kusa da wata ɗorawa ta tsaya.

Na murza makulli. Inji ya juya, gur-gur-gur, bai kama ba. Na sake. Haka.

Inna ta ce, "Lafiya dai, Auta?"

Na ce, "Lafiya lau, Inna. Yanzun nan za ta tashi."

Ubangidana direban gingimari ya koya mini cewa in mota ta mutu kada ka tsaya zage-zage, abu biyu za ka tambaye ta: wuta da mai. Na buɗe bonet na fara da wuta. Na zare wayar fulogi ɗaya na riƙe bakinta kusa da jikin inji, na ce wa Yaya ya zo ya murza mini makulli. Mutumin da bai taɓa riƙe makullin mota ba, ya murza ya danne bai saki ba. Wuta ta fizge ni har gwiwar hannu, na yi tsalle na buga ƙeya da bonet.

Na ce, "Saki mana! Kashe ni za ka yi?"

Ya ce, "Kai ka ce in murza."

To, wuta dai akwai ta, jikina ya shaida. Na kwance fulogi biyu na duba, a bushe suke ƙayau, ko warin fetur ba sa yi. Na ɗauko galan ɗin da na juye jiya, na karkata shi, ɗan abin da ya rage a gindi na tsiyaya a bakin kafireta. Na shiga na murza. Sai ta ɗauka da ƙara, har tsuntsaye suka tashi daga kan ɗorawa. Inna ta ce, "Alhamdu lillahi." Ba ta rufe baki ba motar ta sake mutuwa.

Wannan ya nuna mini injin lafiyarsa ƙalau, yunwa yake ji. Mai ne ba ya iso masa. Tanki kuwa na san a cike yake, da hannuna na cika shi, don haka ko waiwayarsa ban yi ba. Na cire tiyon da ya taso daga famfon mai zuwa kafireta, na sa Yaya ya sake murzawa, wannan karon na ce in na ɗaga hannu ya saki. Ko ɗigo bai fito ba. Na ce shi ke nan, famfo ne. Raina ya ɓaci, don ba ni da wani, kuma ba a samunsa sai Kano.

Duk da haka na ce bari in buɗe in gani da idona. Na shimfiɗa hulata a kan yashi, na kwance noti shida na jera a ciki, na ɗaga murfin. Robar ciki lafiya lau take, ba tsaga ba huda. Na hura, na goge, na juya ta gaba da baya. Babu abin da ya same ta. Wallahi da na ga ta yage da na fi jin daɗi, ko ba komai na san abokin faɗana. Na mayar na fara ɗaurewa, gumi yana shiga mini ido, sai noti na ƙarshe ya suɓuce daga yatsuna ya faɗa cikin yashi.

Duk wannan abin da ake yi Inna ta sauko ta zauna a gindin ɗorawa da carbinta. Can ta ce, "Auta, ko a tofa mata addu'a?" Na ce ta tofa. Can kuma ta ce, "Auta, inuwa fa tana ta dawowa gindin bishiya." Na ce na gani. Ina rarrafe a ƙarƙashin mota ina tankaɗe yashi da yatsu, hannuna ya taɓa salansa mai zafi ya ƙone, ga noti ya ƙi fitowa, sai na ji muryarta a karo na uku.

"Auta, ko dai mu taka zuwa Gaya mu nemi wata motar?"

Wata motar. Ban san lokacin da na fito da kaina daga ƙarƙashi ba. Idona ya rufe.

Na ce, "Haba Inna! Don Allah ki yi mana shiru mana! Ke kika san mota? Ki bar mutum ya ji da abin da ya dame shi!"

Kafin in rufe baki na san na yi ɓarna. Tunda nake ban taɓa ɗaga mata murya ba, sai ranar da za ta ɗakin Allah. Yaya ya dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Inna kuwa ko kallo ban ishe ta ba. Ta mayar da carbinta wuya, ta shafa jakar fasfo ta tabbatar tana nan, ta dafa sandarta ta miƙe da ƙyar. Ta ɗauki butarta. Ta fuskanci hanya ta yi magana, ba da ni ba, ba da Yaya ba.

"In Allah ya yi, a biyo ni da kayan."

Ta kama hanyar Gaya tana ɗingishi. Na ce wa Yaya, "Ka tare ta mana, ina za ta kai da wannan ƙafar?"

Ya ce, "Ni zan tare ta? Kai da ka kore ta."

Maganar ta shige ni har ƙashi. Na so in bi ta in durƙusa, amma na san Inna, ba za ta juyo ba, kuma durƙusona ba zai kai ta Kano ba. Abin da zai kai ta yana nan a mace a gabana. Na koma ƙarƙashi. Na samu notin ya maƙale a jikin wata ciyawa, na ɗaure, na shiga na murza makulli. Gur-gur. Na sake. Gur. Na sake, sai ƙyat, ƙyat. Batir ya ƙare. Na kifa kaina a kan sitiyari, na ji kamar in kurma ihu.

Na ɗago na ce wa kaina, yau ko a ka zan ɗauki motar nan sai Inna ta shiga jirgi. Na tuna wata dabara ta direbobin gingimari. In famfo ya ƙi, sai a ɗaure galan a saman mota, a zuro tiyo kai tsaye zuwa kafireta, mai ya riƙa gangarowa da kansa. Ina da galan, ina da tiyo. Abin da ya rage in zuƙo mai daga tanki. Na zaga gefen mota na ɗaga tamfol ɗin da ya rufe bakin tankin.

Murfin tankina na ƙarfe ya ɓace tun bara a kasuwar Gafasa, tun daga lokacin tsumma nake cusawa. Tsumman nake tsammanin gani. Sai na ga wani abu dabam: toshi na itace, sumul, an naɗe shi da jar fata, an fitar masa da ɗan kai mai kyau na kamawa.

Na ce, "Wannan fa?"

Yaya ya matso. Ya ce, "Ni na yi. Kwana uku ina yinsa, da zare na auna bakin. Uwarmu za ta ɗakin Allah, a shiga da ita Kano da tsumma a gindin mota? Mutane su ce ba ta haifi kowa ba?" Ya ce da asuba ya sa shi, lokacin da nake fama da matan unguwa, ya daddoke shi da bayan gizago don kada mai ya zuba a hanya.

Na kama na ja. Ko gezau. Na sa hannu biyu, na tokare ƙafa da taya, bai motsa ba. Yaya ya ture ni gefe, ya ɗan bubbuga shi ta nan da ta can, ya murɗa, ya fizge. Sai muka ji fuuuu, tanki yana zuƙar iska da ƙarfi, ƙarfensa da ya lotsa kuma ya yi ɓam a ƙarƙashin mota, ya koma yadda yake.

Na tsaya baki buɗe. Tirƙashi! Ashe abin ke nan. In ka kafa baki a gora kana zuƙa ba ka bar iska ta shiga ba, ruwan tsayawa yake, yaro ma ya san wannan. Murfin ƙarfe yana da 'yar huda da ba a lura da ita, tsumma kuwa ko'ina huda ne. Toshin Yaya ba ya da ko ɗaya. Mutum ne da ya yi shekara talatin yana sassaƙa abin da ba ya yoyo, a sana'arsa yoyo abin kunya ne. Famfo ya yi ta ja har ya gaji, tanki ya riƙe mansa ya hana.

Na juyo a fusace. Na ce, "Yaya, ka san abin da ka..." Sai na ga fuskarsa. Ya riga ya gane. Yana riƙe da toshin yana kallonsa, ƙaton mutum mai furfura a gemu.

Ya ce, "Ni ne ke nan. Ni na tsayar da ita."

Na haɗiye sauran maganar. Wadda na saki ɗazu ta ishe ni. Na ce, "Aikinka ne ya yi kyau ya wuce misali. Ajiye shi, zo mu tura."

Muka gwada turi. Mutum biyu, mota da kaya, taya a cikin yashi, ko taki ɗaya ba ta yi ba. Muka sauke akwatin da sauran kayan muka sake, jijiyoyin wuyanmu suka fito, a banza. Na duba gabas da yamma ko zan hango masu cirar gyaɗa, babu kowa, rana ta kore su. Inna kuma ta ɓace mana a bayan dawa.

Akwai wani abu da na taɓa gani sau ɗaya tak, ubangidana ya yi wa wata ƙaramar mota a bakin kogin Wudil. Ban taɓa yi da hannuna ba. Na ce wa Yaya za mu ɗaga tayar baya guda ɗaya, mu naɗa mata igiya, mu sa giya, mu ja. In tayar ta juya, inji zai juya. Bai tambaye ni komai ba, ya hau kwance igiyar kaya.

Na kafa jak, na fara ɗagawa, maimakon mota ta hau sai jak ya nutse cikin yashi. Na tona na sake kafawa, ya sake nutsewa. Kafin in buɗe baki Yaya ya sauke gizago daga kafaɗa ya nufi wani reshen ɗorawa da ya faɗi. Ban taɓa tsayawa na kalli Yaya yana aiki ba sai ranar. Sara kaɗan ya datse reshen, ya fafe shi sama da ƙasa, ɓawo yana tashi, ya miƙo mini katako shimfiɗaɗɗe mai faɗin tafi biyu. Ya sake saro guntaye biyu ya tokare tayoyin gaba. Na ɗora jak a kan katakon. Motar ta ɗaga, taya ta bar ƙasa.

Na zura tiyo a tanki na zuƙa. Fetur ya cika mini baki har na haɗiye wani, na yi ta tari ina tofarwa. Na tara a galan, na cika cikin kafireta, na mayar da tiyon famfo wurinsa. Na buɗe makulli, na sa babbar giya, na zauna rabi ciki rabi waje da ƙafa a kan totur. Yaya ya naɗa igiya zagaye huɗu a jikin taya, ya naɗe bakinta a hannu.

Na ce, "Bismilla, ja!"

Ya ja da ƙarfinsa duka. Igiya ta zame daga kan tayar, Yaya ya tafi da baya ya faɗi rigingine cikin gonar gyaɗar mutane, ƙafafu a sama. Da wata rana ce da na yi dariya har na faɗi. Ya tashi bai ko kaɗe rigarsa ba, ya sake naɗawa, wannan karon ya matse ta sosai. Ya ja. Inji ya yi tari ɗaya ya yi shiru. Ya sake. Tari biyu. Na ga tafin hannunsa ya fashe, jini yana bin igiya.

Na ce, "Ƙarfin mutum ɗaya ba zai yi ba." Na samu ɗan icce na tokare totur kaɗan, na fito, na kama igiyar a bayansa. Na ce kada mu fizga, mu ruga da ita a guje. Muka yi bismilla tare muka ruga. Na ji nauyin injin a kafaɗuna, na ji ya juya, ya sake juyawa, igiya ta ƙare muka tafi taga-taga. A bayanmu motar ta ɗauka. Na juyo a guje na faɗa ciki, na taka kuloci na cire giya, na riƙe totur ina cewa, "Riƙe, 'yar albarka, riƙe, kada ki ba ni kunya." Ta yi shaƙuwa sau ɗaya lokacin da man kafireta ya kusa ƙarewa. Sai famfo ya jawo nasa, muryarta ta daidaita.

Yaya ya sauke jak, muka watsa kaya a baya ba ɗauri. Na ɗauko wani tsumma zan cusa a bakin tanki, sai ya riƙe mini hannu. Ya zaro wuƙarsa, ya ɗora toshin nan a gwiwa, ya tsaga shi daga sama har ƙasa, ya ratsa jar fatar da ya yi kwana uku yana gyarawa. Ya nuna mini.

Ya ce, "Wannan ya isa ta yi numfashi?"

Na ce, "Ya isa, Yaya." Ya mayar da shi bakin tanki, muka kama hanya.

Mun yi tafiyar da ban zaci tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta iya ba kafin mu hango ta. Tana tafe a gefen hanya, ta cire takalmanta ta riƙe tare da buta, sanda tana gaba tana binta. Ta ji ƙarar mota amma ba ta waiwayo ba. Na tsaya daidai ita, ban kashe ba, na fito na buɗe mata ƙofa na durƙusa. Ta dafa ƙofa za ta shiga. Da na kama ƙafarta zan taya ta ɗagawa, na ji gwiwar ta kumbura tana zafi. Na buɗe baki in ba ta haƙuri, kunya ta hana ni. Na ce a raina, bari mu hau kwalta tukuna.

Muka ratsa Gaya ana kiran azahar, 'yan tasha suna ɗago mini hannu, ban ko kalle su ba. Muka hau kwalta, na ce bari mu wuce Wudil. A Wudil muka tsaya salla a bakin gada, ɗaya bayan ɗaya, don ba ni da halin kashe mota. Na nuna wa Yaya inda zai ɗora ƙafa a kan totur, ya zauna a kujerata a sandare har na sallame. Muka ci gaba. Inna tana jan carbi, idonta a kan hanya. Na shirya maganar a raina ta fi sau ashirin, in na juyo in fara sai in ga gefen fuskarta, sai in mayar da ido kan titi. Na ce to, in mun isa, zan samu wuri in durƙusa a gabanta sosai, in faɗa a nutse.

Muna shiga Kano na ji ana kiran la'asar. Kekuna da jakuna da 'yan kura suka cika titi, na kwanta a kan ham, na bi ta inda mota ba ta bi, wani mai keke ya zage ni na ce na gode. Da muka iso ƙofar sansanin, jama'a ta yi dafifi, 'yan rakiya sun fi maniyyata yawa. Ta saman kawunansu na hango safa uku a jere, an gama ɗaure kaya a sama, hayaƙi yana fita daga bayansu. Ta farko ma ta fara motsawa.

Na yi tsalle na fito na bar motata a tsakiyar hanya. Na ji ta mutu a bayana, na ce ta daɗe ba ta mutu ba. Yaya ya ɗora akwatin a ka, ni na kama hannun Inna ina ture mutane da kafaɗa ina cewa, "Hanya! Maniyyaciya ce! Hanya don Allah!" Wani ma'aikaci yana tsaye a ƙofar safa ta ƙarshe da takarda a hannu, yana shirin ninke ta. Inna ta zaro fasfo daga wuya ta miƙa masa. Ya duba, ya bi takardarsa da yatsa.

Ya ce, "Sau biyu aka kira ta. Ina kuka tsaya? Hajiya, hau, hau da sauri!"

Wasu mata biyu suka miƙo hannu daga ciki suka jawo ta. Aka karɓi akwatin daga kan Yaya aka cilla sama. Aka rufe ƙofa. Duk abin bai kai ƙiftawar ido ba, wurin durƙuson da na yi ta tanadi tun daga Gaya babu shi.

Safa ta fara tafiya. Sai na ga ina bin ta a guje, ni magidanci mai 'ya'ya uku, baƙin mai har goshi, ba hula a kaina, ina leƙa taga bayan taga. Kunyar da ta riƙe mini baki a hanya ban san inda ta tafi ba.

Na ɗaga murya na ce, "Inna! Inna, ki yafe mini!"

Mutane suka juyo suna kallona. Na sake faɗa, har muryata ta fashe. A taga ta kusa da ƙarshe wani farin mayafi ya motsa, ta leƙo. Ta dube ni, ta dubi Yaya da ke tsaye can baya da hannu a naɗe cikin riga.

Ta ce, "Auta, tun ina tafe a ƙasa na yafe maka. Je ka wanke bakinka, warin fetur kake. Ka kai ɗan'uwanka gida lafiya."

Safa ta fita ƙofa ta karya kwana zuwa filin jirgi. Na durƙusa a nan inda nake, a tsakiyar ƙafafun mutane, na yi kuka sosai, ban damu da wanda yake kallo ba.